Muhawara: Za a iya hasashen hatsarin tiyatar ƙashin baya ga tsohuwar da ta haura tamanin?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan'uwa na wannan zaure. Na kawo wata magana da ta raba kan gidanmu, kuma da yake akwai likitoci da ma'aikatan jinya a cikinmu, ina roƙon su dube ta da idon basira. Mahaifiyarmu Hajiya, wadda a ƙiyasinmu ta haura shekara 80, ta kusa shekara biyu tana fama da ciwon ƙugu mai sauka zuwa ƙafafu. Idan tana zaune lafiyarta lau, amma da zarar ta taka daga ɗakinta zuwa soro sai ƙafafun su yi nauyi su ɗauki zugi, dole ta sunkuya a kan sandarta ko ta nemi wurin zama. Hoton MRI ya nuna hanyar da jijiyoyi ke bi a ƙasan ƙashin baya ta matse, kuma likita ya ce magani da gashi sun yi iya yinsu, saura aiki. Yayanmu ya ce ba da yawunsa za a kai mai waɗannan shekaru ɗakin tiyata ba, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ƙaninmu kuwa, da ke karatu a waje, ya shigar da bayananta cikin wata manhajar likitocin Amurka, ya turo mana adadin da ta bayar, ya ce hatsarin bai taka kara ya karya ba. Shin da gaske akwai hanyar da za a san hatsarin tun kafin a shiga, ko kuwa kowa yana faɗar son ransa ne?

Dakta Maman Iman: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Aikina sa marasa lafiya barci ne a ɗakin tiyata, saboda haka kusan kullum sai na amsa irin wannan tambaya, sai dai ba zan yanke hukunci a kan wadda ban gani da idona ba. Abin da zan iya cewa shi ne yawan shekaru kaɗai ba ya nuna mana ƙarfin da ya rage a jikin mutum. Na sha karɓar tsohon da ya ba tamanin baya amma har yanzu yana zuwa gona a kan keke, na kuma karɓi mai shekara 65 da ciwon suga da ciwon zuciya suka riga suka cinye, wanda tashi daga gado ma sai an kama shi. Na farkon ya fi kwantar mini da hankali nesa ba kusa ba.

Abin da muke nema shi ne laushin jiki, wato yadda tsufa ya rage wa mutum ajiyar ƙarfin da zai jure wa girgiza. A shekarar 2001 Linda Fried da abokan aikinta a Amurka suka tsara alamomi biyar na wannan hali: ramewa ba tare da niyya ba, yawan gajiya, raunin riƙon hannu, tafiyar hawainiya, da ƙarancin motsa jiki, wanda ya haɗa uku daga ciki ana lissafa shi mai laushin jiki. A 2005 kuma Kenneth Rockwood na Kanada ya fito da wani ma'auni, wanda yanzu yake da matakai tara, daga mai cikakken kuzari zuwa wanda ke gargarar ajali. Saboda haka ka gaya mini, Baban Khalifa: da kanta take wanka da alwala? Zobenta ko awarwaronta sun fara yi mata yawa? Tana iya matse tsumma da hannunta? Yaya take yin sallah? Waɗanne magunguna take sha?

Baban Khalifa: Ranki ya daɗe, da kanta take alwala da wanka, a kan 'yar kujera, ba ta yarda kowa ya ɗaukar mata buta ba. Ba ta rame ba, tana cin tuwonta. Sallah takan fara ta a tsaye, ta ce a ruku'u ne ma take jin sauƙi, amma tsayuwar karatu ke gagararta, sai ta ƙarasa a zaune. Tana shan maganin hawan jini, ba ta da suga. Har yanzu ita ce uwar adashin matan layinmu, kuma ba ta rubuta komai, duk zubi da kwasa a kanta suke. Abin da ban faɗa ba shi ne kusan kullum sai an sayo mata maganin ciwon jiki a kemis. Game da shekarunta kuwa, babu takardar haihuwa. Abin da take faɗa shi ne ta riga ta fara talla lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo a 1956.

Dakta Abu Safwan: Allah ya ƙara sauƙi. Ni likitan ƙashi ne, kuma wannan sauƙin da take ji a ruku'u ya yi daidai da ciwon da aka ambata, domin sunkuyawa na ɗan buɗa hanyar jijiyoyin, miƙewa kuma na ƙara matse ta. Abin da abokiyar aikina ta faɗa gaskiya ne, amma rabin lissafin ke nan. Ɗaya rabin yana hannun mai wuƙa, wato girman aikin da za a yi. Akwai aikin da za a sassaƙe ƙashi da jijiyar nama da suka danne hanyar a gaɓa ɗaya kawai, a rufe. Akwai kuma wanda bayan haka za a kafa ƙusoshi da sandunan ƙarfe a haɗe gaɓoɓi biyu ko fiye. Na biyun ya fi daɗewa, ya fi zubar da jini, kuma duk tsawon lokacin tsohuwa tana kife ne a kan cikinta, abin da zuciya da huhun tsoho ba sa so.

Richard Deyo da abokan aikinsa sun wallafa wani nazari a 2010 a kan tsofaffin Amurka fiye da 32,000 da aka yi wa aikin wannan ciwo a 2007. Matsaloli masu barazana ga rai sun faru ga kashi 2.3 cikin ɗari na waɗanda aka buɗa wa hanya kawai, amma sun kai kashi 5.6 ga waɗanda aka yi wa babban aikin haɗe gaɓoɓi. Sannan a 2016 wani gwaji a Suwidin a kan mutum 247 ya nuna cewa ƙara ƙarfe bai sa sun fi samun sauƙi ba bayan shekara biyu. Ba ina nufin ƙarfe ba shi da wurinsa ba ne. Idan gaɓar tana zamewa sosai babu makawa. Amma ƙashin tsohuwa sau da yawa ya riga ya zaizaye daga ciki, kuma ƙusa a irin wannan ƙashi tamkar ƙusa ce a katangar ƙasa da damina ta jiƙa. Saboda haka tambayar farko da za ku yi wa likitanku ita ce wanne daga cikin ayyukan biyu yake nufi, gaɓa nawa, kuma saboda me.

Malam Na-Zariya: Gafara dai likitoci, ni ba likita ba ne, ƙididdiga nake koyarwa, kuma manhajar nan ce ta ja ni cikin zancen. Ina kyautata zaton ita ce wadda ƙungiyar likitocin tiyata ta Amurka ta fitar a 2013, wadda ake shigar wa bayanai kusan ashirin tare da nau'in aikin. An gina ta da bayanan asibitocin da mafi yawansu na Amurka ne, kuma abin da take hasashe shi ne abin da zai faru cikin kwana 30 bayan aiki. Matsalata da ita a nan ita ce tsofaffin da ke cikin waɗancan bayanai ba kowane tsoho ba ne, waɗanda likitoci suka riga suka tace suka ga za su iya jurewa ne. Wanda aka mayar gida ba a yi masa aiki ba, ba ya cikin lissafi. Ko gwajin Suwidin da Dakta ya kawo, masu shekara 50 zuwa 80 aka ɗauka, ke nan sa'o'in Hajiya suna wajen ƙofa.

Sannan adadin da manhaja ke bayarwa ba labarin mutum ɗaya ba ne. Idan, a misali, ta ce goma cikin ɗari, ma'anarsa ita ce a cikin mata ɗari masu kama da Hajiya a takarda, goma za su gamu da matsala, amma ba ta san ko Hajiya na cikin goman ko cikin casa'in ba. Ƙari a kan haka, shekarar da ƙaninku ya shigar ma ƙiyasi ce. Yarinyar da ke talla a 1956 tana iya zama 'yar shekara bakwai, tana iya zama 'yar goma sha biyu.

Dakta Abu Safwan: Malam, na yarda da duk abin da ka lissafa, amma ban yarda a jefar da manhajar ba. Idan aka ajiye ta, abin da ya rage shi ne idon likita, kuma idon likita ma yana da nasa son zuciyar. Likitan da aikinsa uku na baya suka yi kyau yakan ga kowa zai iya, wanda kuma ya rasa mara lafiya a makon jiya yakan ji tsoron taɓa kowa. Ma'auni, ko da na gutsure ne, yana tilasta mana mu tambayi abin da gaggawa kan sa mu tsallake. Akwai wani gajeren ma'auni mai tambaya biyar kacal: suga, hawan jinin da ake shan magani, gazawar zuciya, ciwon huhu mai daɗewa, da dogaro da wani wajen hidimar kai. Minti ɗaya ya isa a cika shi, kuma bisa abin da aka faɗa Hajiya ɗaya kawai ta ci. Ni ina ɗaukar adadin manhajar a matsayin mafi ƙarancin hatsarin da za a iya tsammani, sai in ɗora abin da na sani game da wurin da nake aiki.

Malam Na-Zariya: To ai a nan gizo ke saƙar, Dakta. Wannan abin da kake ɗorawa, da wane mudu kake auna shi?

Sista Maman Walida: Bari in amsa wa Malam daga inda nake tsaye, domin shekarata 19 ina kwanan aiki a ɗakin marasa lafiyar ƙashi. Mafi yawan tsofaffin da muke rasawa ba a kan teburin tiyata suke tafiya ba, a kan gado ne, a dare na biyu ko na uku. An ga makamancin haka a babban nazarin da aka yi a ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya, wanda aka wallafa a 2018 ƙarƙashin jagorancin Bruce Biccard na Afirka ta Kudu. An bi mutum 11,422 da aka yi wa tiyata iri-iri; kusan ɗaya cikin biyar ya gamu da matsala, 239 suka rasu, kuma 225 daga cikinsu bayan ranar aikin ne suka cika. Marasa lafiyar sun fi na sauran duniya ƙuruciya da ƙarancin cututtuka, amma yiwuwar mutuwarsu ta ninka sau biyu. Dalilin da aka fi dangantawa da shi shi ne matsala takan taso ba a gan ta da wuri ba, ko a gan ta babu abin tarar ta.

Saboda haka mudun da Malam ke tambaya a kai tambayoyi ne da kowa zai iya yi. Nas nawa ke kwana da gado nawa? Akwai iskar oksijin a bakin gadon? Idan jini ya yi ƙasa da tsakar dare, akwai leda a ajiye ko sai an buga wa dangi waya? Akwai gado a ɗakin kulawa ta musamman da aka keɓe mata tun kafin a fara? Mai gashi zai zo washegari ya tayar da ita, ko sai bayan hutun ƙarshen mako? Babu manhajar waje da ke tambayar ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Kawu Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban tanka ba, amma maganar Sista ta taɓa ni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, an yi masa aikin baya a wani asibiti da ba zan kira sunansa ba, yana da kimanin shekara 84, an sa masa ƙarfe. Likita ya fito yana murmushi ya ce aiki ya yi kyau, kuma ban ce ƙarya ya yi ba. A dare na uku tsoho ya fara kiran sunayen mutanen da suka rasu tun ina yaro, yana fizge robar ruwa, yana cewa a buɗe masa ƙofa zai tafi kasuwar dabbobi. Gwaggona ta ce iska ce, aka shiga tofi da hayaƙi a ɓoye, ma'aikata kuma suka yi masa allurar barci. Ya kwana biyu yana barci, bai ci ba, bai motsa ba, daga nan sai ciwon huhu, sai gyambon kwanciya. Ya fita asibitin da rai, amma bai sake taka ƙasa ba har ya koma ga Mahaliccinsa bayan wata biyar. Abin da ke ci mini rai shi ne kafin aikin an auna zuciya, an auna jini, an karɓi kuɗi, amma babu wanda ya ce mana hankalinsa zai iya gushewa, alhali mu mun san ya riga ya fara mantuwa, da an tambaye mu da mun faɗa.

Dakta Maman Iman: Allah ya jiƙan Baba, Kawu, ya sa ya huta. Abin da ka kwatanta shi ne ruɗewar bayan tiyata, kuma tana cikin matsalolin da suka fi yawa ga tsofaffi bayan babban aiki. Babban abin da ke nuna za ta iya zuwa shi ne wanda ka faɗa da bakinka, wato mantuwar da ta riga ta fara, sai raunin ji da gani, rashin barci, zafin ciwo, ƙarancin ruwa a jiki, da wasu magungunan sa barci. Ka kuma lura da maganar Malam: da yake Baba ya wuce kwana 30 da rai, a irin waccan ƙididdiga ba za a sa shi cikin waɗanda aikin ya yi ajalinsu ba.

Gwajin ƙwaƙwalwar da aka fi amfani da shi a waje shi ne a ba tsoho kalmomi uku ya riƙe, sannan a ce ya zana fuskar agogo. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba, wadda ke sanin lokaci da kiran sallah da inuwar katanga, za ta faɗi wannan gwaji ko da hankalinta ya fi nawa. Ni nakan ce ta jero mini sunayen dabbobi iya yadda za ta iya cikin minti ɗaya, in tambaye ta yau wace rana ce, in kuma keɓe da wanda ke zaune da ita in ji ko ta fara maimaita magana ko ɓatar da kuɗi. Uwar adashin da ke riƙe zubin mata a ka ta ba ni amsa mai daɗi.

Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne maganin kemis. Irin su diclofenac, idan tsoho mai hawan jini ya daɗe yana sha, suna lalata ƙoda a hankali, suna kuma sa gyambon ciki mai tsiyayar da jini ba a sani ba. Wasu haɗe-haɗen da ake ƙullawa a leda kuma akwai sinadarin sitiroyid a ciki, wanda ke ƙara zaizaye ƙashi, yana hana rauni warkewa. Ku kwashi duk abin da take sha, har da na gargajiya, ku zube wa likita a tebur. A auna ƙoda, a auna yawan jini, a auna sinadarin albumin, wanda idan ya gaza 3.5 yana nuna jiki ba shi da abin ɗinke rauni. Amfanin waɗannan shi ne da yawansu ana iya gyara su kafin ranar aiki.

Yaya Babba: Assalamu alaikum. Ni ne yayan da ake magana, ƙanina ya sa ni cikin zauren don in karanta da kaina, kuma na gode wa kowa. Na san rai a hannun Allah yake, kuma ban ce neman magani ya saɓa wa tawakkali ba. Amma ni ne zan sa hannu a takarda, kuma idan abin da ya sami mahaifin Kawu ya same ta, ni dangi za su kalla. A yanzu tana ci, tana hira, tana sa mana albarka. Me zai hana mu bar ta haka?

Dakta Abu Safwan: Yaya, tambayarka tana kan hanya, kuma akwai tsofaffi da yawa da nake ba irin wannan shawara. Wannan ciwo a mafi yawan lokuta a hankali yake tafiya, ba aikin gaggawa ba ne, ana iya jinkirta shi. Sai dai bari ma yana da nasa hatsarin da babu wanda ke sa masa hannu a takarda: wadda ta daina tafiya naman ƙafarta zai zube, za ta fi saurin faɗuwa, kuma maganin da ke riƙe da ita yanzu shi ke cin ƙodarta. Mai yiwuwa ne aikin da za ta iya jurewa bana ya gagare ta nan da shekara biyu. Akwai kuma alamomin da ke sauya hukunci nan take: riƙewar fitsari ko zubarsa ba da saninta ba, mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi da mazaunai, ko ƙafa ta saki farat ɗaya. Idan ɗaya ya bayyana, a ranar za ku kai ta asibiti, ko da tsakar dare ne.

Sista Maman Walida: Yaya Babba, ka yi mini afuwa, amma tun farkon zancen nan nake jiran in ji abu ɗaya ban ji ba. An ji ra'ayinka, an ji na ƙaninku na waje, an ji na manhaja. Ita Hajiya, mai riƙe lissafin adashi a ka, wa ya zauna ya gaya mata duk wannan ya ji ta bakinta? Idan hankalinta yana nan kamar yadda kuka ce, hannunta ne ya kamata ya hau takardar, ko da dangwale ne.

Baban Khalifa: Assalamu alaikum, ku gafarce ni da shirun kwana tara. Mun zauna da Hajiya ni da Yaya bayan la'asar, muka karanta mata abin da ya sawwaƙa, har da labarin mahaifin Kawu, ba mu ɓoye ba. Ta yi shiru tana jan carbi, sannan ta ce ita mutuwa ba ta ba ta tsoro, abin da take gudu shi ne ta kwanta surukanta su riƙa juya ta. Ta ce abu biyu take so: ta kai raka'a huɗu a tsaye, kuma ta iya zuwa gaisuwar mutuwa ko barka a layinmu da ƙafarta. Ta ce idan ƙaramin aikin ne ta yarda, idan na ƙarfe ne a bar ta da sandarta.

Mun koma wurin likita da ledar magungunanta. Ya ce gaɓa ɗaya ce, ba ta zamewa, buɗa hanya kawai zai yi. Amma gwaji ya nuna ƙodarta ta ɗan taɓu kuma jininta ya yi ƙasa, saboda haka ya hana maganin kemis, ya sauya mata wani, ya ɗaga maganar zuwa mako shida, ta riƙa cin ƙwai da wake da nono tana zuwa gashi, sannan a sake aunawa. Yaya har yanzu bai ce ya gamsu ba, ya dai ce ba zai hana ba. Sista, idan Allah ya kai mu, wa ya fi dacewa ya kwana da ita?

Sista Maman Walida: Wadda Hajiya ta fi sabawa da muryarta, kuma wadda ba ta da nauyin barci, kada ku riƙa sauya mata fuska kowane dare. Ta zo mata da tabaraunta da carbinta, ta buɗe labule da safe, ta riƙa gaya mata lokacin kowace sallah da sunan ranar, ta kuma tabbatar tana shan ruwa. Ku roƙi a cire robar fitsari da zarar likita ya ce ba a buƙatarta, ku kuma nemi a sa aikin a farkon mako domin mai gashi ya same ta washegari. Idan mai jinyar ta ga Hajiya ta fara magana ba kan gado, ko kuma ta yi shiru da yawan barcin da ba halinta ba, kada ta jira zagayen safe, ta je ta taso nas a lokacin.